Mai Tari

Jikarsa ta zo Kusuri ran Talata,
da littafi mai hotonsa a bango.
Ta same ni gindin ceɗiya ina lallashin rediyo.
"Baba Mato, kai ka tuƙa kakana?"
Na ce zauna, 'yata, tabarma ba ta cizo.

Sunansa na yanka ya gagari harshenmu,
sai muka raɗa masa Mai Tari.
Hayaƙin yaƙin farko ya ci masa huhu
tun yana da anini ɗaya a kafaɗa,
ɗan mai gashin burodi, in ji shi,
da ya bar tanda ya bi ganga.
Kafin ka gan shi ka ji shi:
tari biyu bayan tanti, kowa ya gyara hula.

Littafinki ya ce ya tashi daga Fallomi
da mota arba'in, ya keta hamada.
Keta? Wa ya gaya wa mai rubutu?
Su Turawa, mu turawa.
Rairayi ya haɗiye taya har wuya,
mu tone, mu shimfiɗa ƙarfe, mu sa ƙirji,
taku goma, a sake.
Shi ma ya tura, ban ci haƙƙinsa ba,
har gwiwar wandonsa ta yage.

Kwana tara bayan Faya ruwa ya ja baya.
Saura duro uku, ga mutum, ga inji.
Ya tsaya ya daɗe yana duban taswira
kamar rijiya za ta tsiro a takarda,
sannan ya ce a shayar da motoci.

Ngarbaye ne karen motata,
Basare, dogo, mai tsaga a kumatu,
ya bar mata da ciki a bakin Shari.
Shi ya ɗura wa injin ruwa da hannunsa,
leɓensa a tsage, bai lasa ba.
Da asuba na taɓa shi, ya yi sanyi.
Injin kuwa, bugu ɗaya ya tashi.

Daren nan tarin ya zo bayan motata.
Ya tsuguna, ya miƙo mini kofinsa,
rabi ne, har da ƙasa a gindi.
Bai ce komai ba. Na sha.
Har yau ban sani ba, sadaka ce ko diyya.

Ganuwar da muka ci, kin karanta.
Yana tafe a miƙe, harsashi na kukan sauro,
tutarsu ta sauka, tasa ta hau,
tauraro ya sauko masa a hula.
Daga nan sai teku, sai ƙanƙara,
sai biranen da suka watsa mana furanni
kafin a ce mu koma baya, sanyi bai karɓe mu ba.
Ya shiga babban birninsu, ni ban shiga ba.

An ce ya mutu kan gado, taurari huɗu,
da likita, da ƙararrawa, da titi mai sunansa.
Ni ga lambata a gwangwanin madara,
ga fanshon da ba ya cika buhun dawa.

Ta rufe littafin, ta dubi Lagone.
"Baba, mutumin kirki ne?"

'Yata, wanda ya hau raƙumi da wanda ya ja akala
ba labari ɗaya suke kawowa gida ba.
Na so shi. Na tsine masa. Na wanke masa safa.
In na ji tari da dare har yanzu
hannuna kan nemi hular da babu.

Ba ni alƙalaminki. A'a, riƙe, idona ya tafi.
Buɗe shafin hamada, can gefe inda ba rubutu.
Sa: Ngarbaye.
Da "ye" a ƙarshe. Yawwa.
Ɗansa na nan Kasuwar Gero yana faci,
in kin haye gada, ki nuna masa.